Shugaba ko Shugabiya, da Batun Ciwon 'Ya Mace

Wani mai karatu ya aiko da tambaya: "Malam, an naɗa mace ta jagoranci ma'aikatarmu. Shugaba za mu ce mata ko shugabiya?"

Shugaba za ku ce, ɗan'uwa. Kalmar tana cikin waɗanda namiji da mace suke tarayya a kansu, kamar kaka da jika. A wajen haɗi jinsin ke bayyana: shugaban kamfani, shugabar kamfani, shugabanmu ya iso, shugabarmu ta iso. Masana da dama na ganin daga "shiga gaba" ta samo asali, kuma wanda ya shiga gaba shi ke fara taka ƙayar da ke kan hanya.

Tambaya ta biyu ta fi taɓa ni. Wata 'yar'uwa ta ce: "Na koma aiki da goyo. Shugabarmu uwa ce, amma da na nemi rabin sa'a in shayar da jaririna, sai ta ce ita ma haka ta jure a zamaninta. To, ina maganar ciwon 'ya mace na 'ya mace ne?"

Malama, sannu da ɗawainiya. Mu fara da "ciwo". A nan ba cuta ake nufi ba. Shi ne ciwon da ke cikin "ya san ciwon kansa" da "ba ta san ciwon kuɗi ba", wato sanin darajar abu saboda an ɗanɗana wahalarsa. Ita kuwa "na" ta mallaka ce, nauyi take ɗorawa. Duba lokacin da ake faɗin karin maganar: mace na naƙuda, ko an sako ta da 'ya'ya, wata ta noƙe, sai a ce mata "haba, ciwon 'ya mace ai na 'ya mace ne." Tunatarwa ce ga wadda ta manta. Da kowace mace na aiki da ita, da ba a buƙaci faɗinta ba. Shugabarki ta san yadda nono ke cika ya jiƙa riga ana tsakiyar taro, ta san hankali ya koma wurin jariri. Sanin nan ne ya sa amsarta ta fi ta namiji zafi a zuciyarki.

Wasu za su yi caraf su ce kishi kumallon mata. Ban yarda ba. Kishi na tashi ne inda biyu ke neman abu ɗaya, ita kuwa ba ta neman rabin sa'arki. Halinta ya fi kama da na wanda aka gasa wa gyaɗa a hannu har ya ɗauka haka ake koyon aiki, kuma maza ma suna da wannan halin.

Shin hawan mata manyan kujeru na sauya yadda ake riƙe ma'aikata? A 2003 ƙasar Norwe ta yi dokar da ta wajabta ba mata kashi 40 cikin 100 na kujerun hukumar gudanarwar manyan kamfanoni. Binciken da aka wallafa a 2013 ya gano kamfanonin da dokar ta shafa sun rage sallamar ma'aikata, ko da yake ribarsu ta ɗan ja baya. Wani na 2019 kuma ya ga matan da ke ƙananan matakai ba su ga wani sauyin kirki a albashi ko ƙarin girma ba. Tausayin shugaba yana isa ga ƙananan ma'aikata ne idan ya zama rubutacciyar ƙa'ida.

Saboda haka kada ki nemi abin a matsayin alfarma. Yarjejeniya ta 183 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 2000, ta tanadi hutun haihuwa na aƙalla mako 14, da lokacin shayarwa da za a lissafa cikin sa'o'in aiki a kuma biya. Ki duba abin da dokar ƙwadagon ƙasarku ta ce, ki haɗa kai da sauran masu goyo, ku rubuta takarda ɗaya ku sa hannu, ku miƙa mata.