Wane ne Yeats, wanda Achebe ya ɗauko sunan littafinsa daga waƙarsa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Malaminmu na adabi ya ce daga waƙar wani W. B. Yeats Chinua Achebe ya ɗauko sunan Things Fall Apart. Ni da na ɗauka Baturen Ingila ne, sai kuma na ji an ce a'a, wai ma marubucin wasan kwaikwayo ne. Don Allah a yi mini ƙarin bayani. Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Malaminku ya faɗi gaskiya. Sunan ya fito ne daga waƙar The Second Coming, wadda Yeats ya rubuta a 1919, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ragargaza Turai, ƙasarsa kuma tana shiga yaƙin neman 'yanci. Waƙa ce a kan duniyar da ginshiƙinta ya karye, shi ya sa ta dace da labarin da Achebe ya fitar a 1958.

Amma shi ba ɗan Ingila ba ne. Ɗan Ailan ne, kuma lokacin da aka haife shi a Dublin, ranar 13 ga Yuni 1865, Ailan ɗin tana ƙarƙashin mulkin Birtaniya. Gidansu 'yan Furotesta ne a ƙasar da mafi yawan mutanenta 'yan Katolika ne, kuma da Turanci ya yi duk rubutunsa, don bai iya harshen Ailan na asali ba. Abin da ya sa a gaba shi ne ya ɗauki harshen mai mulki ya cika shi da tatsuniyoyi da almarar ƙasarsa, musamman waɗanda ya ji a Sligo, garin dangin mahaifiyarsa. Kin ga ke nan ba suna kaɗai ya haɗa shi da Achebe ba.

Batun wasan kwaikwayo kuwa, a nan ne ya fi zubar da gumi. A 1899 shi da Lady Gregory da Edward Martyn suka kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo, daga baya aikin ya haifar da gidan wasa na Abbey da aka buɗe a Dublin a 1904, wanda har yau yake aiki. Wasansa da ya fi tayar da ƙura shi ne Cathleen ni Houlihan na 1902, wanda Lady Gregory take da hannu sosai a rubuta shi, ko da yake an daɗe ba a ambaton sunanta. Wata tsohuwa ce ta shiga gidan da ake shirin biki, tana kukan baƙi sun ƙwace mata gonaki, sai ango ya bar amarya ya bi ta fagen fama. Tsohuwar nan Ailan ce. Wadda ta fito a matsayinta kuma ita ce Maud Gonne, 'yar gwagwarmayar da Yeats ya yi ta neman aurenta tun 1891 tana ƙi. A 1903 ta auri John MacBride, wanda Birtaniya ta harbe bayan tawayen Ista na 1916, wanda 'yan kishin Ailan suka yi wa mulkinta a Dublin. Yeats ba ya ƙaunar mutumin ko kaɗan, amma da ya tashi yi wa waɗanda aka kashe waƙa, sai da ya sa sunansa. Da tsufa ya kama shi, ya tambayi kansa a cikin wata waƙa ko wasan nan nasa ne ya tura wasu samari ga bakin bindiga.

A ganina, gina Abbey da kare marubutanta ya fi wasanninsa kansu muhimmanci. Da 'yan kallo suka yi tarzoma a 1907 kan wasan J. M. Synge, suna cewa ya ci mutuncin mutanen Ailan, Yeats ne ya hau dandali ya kare shi. Wasannin da ya rubuta daga baya, bisa salon wasan gargajiya na Japan da ake kira Noh, sun fi daɗin karatu a kan kallo.

An ba shi kyautar Nobel ta adabi a 1923, shi ne ɗan Ailan na farko da ya samu, ya kuma yi sanata daga 1922 zuwa 1928. Yawancin marubuta in sun karɓi wannan kyauta sun riga sun gama zuba hajarsu, shi kuwa mafi ƙarfin waƙoƙinsa bayanta suka zo. Sai dai kada ki ɗauke shi waliyyi: ya dulmuya cikin harkar tsibbu da kiran ruhohi, kuma a 1933 ya ɗan karkata ga ƙungiyar Blueshirts mai ra'ayin kama-karya. Ya rasu a Faransa ranar 28 ga Janairu 1939, aka mayar da gawarsa Drumcliffe a Sligo a 1948.

In za ki karanta shi, ki fara da waƙar Easter, 1916, wadda ya yi wa waɗanda aka kashe bayan tawayen nan, sannan ki nemi kundinsa The Tower na 1928.