Me ya sa dokar zubar da ciki ta bambanta daga jiha zuwa jiha a Amurka?

Malama, kin tambaya yaya ƙasa ɗaya za ta haramta abu a nan, ta halatta shi a can. Asalin abin daga kotu ne. A 1973 Kotun Ƙolin Amurka ta ba mata 'yancin zubar da ciki a faɗin ƙasar. A watan Yunin 2022 kotun ta soke wannan hukunci, ta mayar wa jihohi da wuƙa da nama. Daga nan sai siyasa ta shigo: jihohin da 'yan Republican ke riƙe da majalisa, irin su Texas, suka tsananta, na 'yan Democrat kamar California suka bar ƙofa a buɗe.

Wahalar kuwa a asibiti take bayyana. A Texas likita na iya fuskantar ɗaurin rai da rai da tarar dala 100,000, don haka ko da cikin ya lalace sai ya yi ta jan ƙafa. Wata mai ciki a Texas, Amanda Zurawski, faya ta fashe mata a mako na 18, aka ce ta koma gida tunda zuciyar jaririyar na bugawa, har sai da cuta ta shiga jininta aka kwantar da ita a sashen masu tsananin jinya. Mai hali takan hau jirgi zuwa wata jiha, talaka kuwa sai dai ta jira.

Amma kada ki ɗauka jam'iyya ce kaɗai ke yanke magana. Kansas jihar 'yan Republican ce, duk da haka a Agustan 2022 masu zaɓe suka ƙi cire wannan 'yanci daga kundin tsarin mulkinsu. A Florida kuwa kashi 57 na masu zaɓe suka goyi bayan ƙudurin kare wannan 'yanci a 2024, amma doka na buƙatar kashi 60, sai ƙudurin ya faɗi.