Amsa: Ina ake laccar siyasar duniya a Riyad?

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce kana aiki a Riyad, kana neman inda ake lacca kan siyasar duniya da huldar kasashe wadda kowa zai iya shiga. Fara da Cibiyar Sarki Faisal ta Bincike da Nazarin Musulunci, can wajen unguwar Olaya, kusa da dogon ginin Faisaliyya. Tun 1983 aka kafa ta, shugabanta kuwa Yarima Turki al-Faisal, wanda ya yi jakadan Saudiyya a Ingila da Amurka, shi ya sa tsofaffin jakadu da malaman jami'o'in waje ba sa rabuwa da wurin. Wata laccar da Larabci, wata da Turanci, sai ka duba sanarwarsu tukuna, kada ka je ka zauna kana ta gyada kai a banza.

Ni lokacin tambayoyi na fi so, nan ake jin abin da babu a takardar mai lacca. Amma dan uwa, mu baki ne masu ikama, wato takardar izinin zama, a aljihu. Tambayi batun Sudan ko Sahel son ranka, harkar cikin gidan masu masauki kuwa ka bar musu abinsu.

Baje kolin littattafai na Riyad ma akan yi zaman tattaunawa duk shekara.