Amsa: EB-2 ko EB-3 a Amurka?

Ɗan'uwa, ka yi tambaya wacce za ka bi tsakanin EB-2 da EB-3, wato hanyoyi biyu na samun katin zama na dindindin (green card) a Amurka ta hanyar aiki. Tunda ka ce kana da mastas a injiniyanci, ni dai EB-2 ta NIW zan ce ka bi, wato wadda ake ɗauke maka sharaɗin samun kamfani saboda aikinka zai amfani ƙasar. EB-3 sai kamfani ya tsaya maka ya nemo PERM, wato takardar izinin ɗaukar baƙo aikin dindindin, daga Ma'aikatar Ƙwadago, abin na iya cin fiye da shekara kuma in suka sallame ka ana tsakiya to kana iya komawa farko. NIW kuwa da kanka za ka cike fom ɗin I-140 ka tura USCIS, hukumar shige da fice ta Amurka, ba ruwanka da jiran oga. Amma fa kwali kaɗai bai isa ba, tun hukuncin da USCIS ta yanke a shari'ar Dhanasar a 2016 sai ka nuna aikinka zai amfani ƙasar sosai, don Allah fara tara wasiƙun manyan fanninka tun yanzu.