Kwafin Dare Kaɗai Ba Zai Mai Da Kai 11:39 Ba

Ka tambaye ni: "Maigida, tunda kowane dare muna ɗaukar kwafin rumbun bayanan kantin maganin nan na Ƙofar Ƙaura da pg_dump, in wani ya goge teburin ciniki da ƙarfe 11:40 na safe, za mu iya dawo da shi yadda yake a 11:39?"

A'a, ɗana. Pg_dump, wato umarnin da ke ɗaukar kwafin rumbun, zai mai da kai daren jiya ne kurum, cinikin safiyar nan duk ya tafi. Kafin PostgreSQL, wato manhajar da ke riƙe da rumbun, ya tsaya maka a mintin da kake so, sai ka haɗa abu biyu: cikakken kwafi da umarnin pg_basebackup ke ɗauka, da kuma fayilolin WAL, inda rumbun ke rubuta kowane canji kafin ya aiwatar da shi. Kamar ƙidayar kayan shago ce da littafin shiga da fita. In shafi ɗaya ya yage daga littafin, lissafi ya tsaya a nan. Fayil ɗaya na WAL ya ɓace, ba za ka wuce wurin ba, ko da na bayansa dubu ne.

Saboda haka ka fara da WAL. A saitin PostgreSQL ka kunna archive_mode, ka rubuta archive_command da zai kwashe kowane fayil zuwa wata na'ura daban. Faifan da rumbun yake kai ba wurin ajiya ba ne. Kowane fayil mega 16 ne, kuma ba a kwashe shi sai ya cika. A kanti mai ƙaramin ciniki yana iya wuni bai cika ba, in faifai ya mutu a lokacin, abin da ke ciki ya tafi. Maganinsa archive_timeout, saitin da ke sa a rufe fayil a kwashe shi ko bai cika ba. Ka sa daƙiƙa 300, wato minti biyar, asararka ba za ta wuce haka da yawa ba. Amma fayil ɗin da aka rufe da wuri ma mega 16 yake ci, a rana kana iya tara 288, kusan giga 4.5. Ka matse su da gzip, manhajar rage girman fayil.

Cikakken kwafi kuwa, in rumbun ƙarami ne, kowane dare. In ya girma, sau ɗaya a mako, tare da sanin cewa ranar dawowa ana iya sake karanta WAL na kusan mako guda, mai kanti yana tsaye a kanka. Kada ka sa shi ƙarfe 2 na dare kamar yadda ake yi a inda wuta ba ta ɗaukewa. In batirin inbata ya ƙare, na'ura ta mutu, cron, manhajar da ke tayar da ayyuka a lokacin da aka sa musu, ba ya rama aikin da ya wuce shi. Sa shi bayan Isha'i, da an rufe kanti.

Wajen share tsofaffi, doka ɗaya ce: duk WAL daga farkon kwafi mafi tsufa da ka ajiye, ba a taɓa shi. Kuma kowace safiya ka leƙa pg_stat_archiver, inda rumbun ke nuna yadda kwashe WAL ke tafiya. In failed_count, wato adadin kwashewar da ta gaza, yana hawa, kwashewa ta tsaya, fayiloli na taruwa a pg_wal, ma'ajiyar WAL a faifan rumbun, har faifai ya cika, rumbun ya kashe kansa.

Ranar da abin ya faru, kada ka yi aikin a kan na'urar kanti. Ka zuba kwafin da aka gama kafin 11:39 a wata na'ura, ka rubuta restore_command da zai ɗauko fayilolin WAL da ka ajiye, ka sa lokacin da kake so a recovery_target_time, ka ƙirƙiri fayil recovery.signal da ke gaya wa rumbun ya fara dawowa, ka tayar da shi. A ƙarshen lokacin ka rubuta +01, agogon Najeriya ke nan. In na'urar tana bin UTC, agogon duniya da ke bayan na Najeriya da awa ɗaya, ka mance, za ka sauka bayan gogewar da kusan awa guda. Da ya kai wurin zai dakata da kansa, sai ka duba teburin da idonka, ka ciro shi, ka mayar.

Asabar ta farko a kowane wata, ka gwada wannan dawowar a tsohuwar kwamfutar da ke bayan shago, ka rubuta minti nawa ta ɗauka, ka kawo mini.