Hukuncin hawa ɗakin gadi na Machu Picchu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Aiki zai kai ni Kusko a ƙasar Peru, abokan aiki kuma sun shirya mu je Machu Picchu, mu hau ɗakin gadin da ake hango tsohon birnin daga cikinsa. An ce masu bautar rana ne suka gina shi. Ya halatta in je?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ya halatta, da sharuɗɗa.

Allah ya ce a Suratur Rum, aya ta 42, a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen mutanen da suka gabata ya kasance. Birnin da Inka, mutanen tsohuwar daular Peru, suka gina wajen shekarar 1450 zamanin sarki Pachacuti, a kan tsauni mai tsawon mita 2,430, suka watse suka bar shi kafin ya cika shekara ɗari da 'yan kai, yana cikin abin da ayar ta ƙunsa.

Masu hanawa kan kawo hadisin Ibnu Umar a Buhari da Muslim, inda Annabi (SAW) ya hana shiga Hijr, garin Samudawa, sai ana kuka. Ai Samudawa nassi ne ya tabbatar an halaka su da azaba. Babu irin wannan nassi a kan Inka, hasali ma ayar Isra'i ta 15 ta ce ba a azabtarwa sai an aiko manzo. Saboda haka ƙiyasin bai tsaya ba. Hadisin ɗaure sirdi zuwa masallatai uku kuwa, tafiyar ibada yake nufi, kai kallo za ka je.

Shi ɗakin gadin ba wurin bauta ba ne: bango uku ne na dutse da rufin ciyawa, a saman gonakin bene. Inda za ka kula shi ne maƙwabtansa. Kusa da shi akwai sassaƙaƙƙen dutsen da ake dangantawa da al'adun binne mamaci, an kuma tono ƙasusuwa a yankin. A cikin gari kuma akwai dutsen Intihuatana, inda baƙi suka riƙa miƙa tafin hannu wai suna ɗiban ƙarfi. Wannan neman tabarruki ne da dutse, irin wanda hadisin Zatu Anwaɗ ya tsawatar a kai. Haka idan ɗan jagora ya miƙo maka ganyen koka ka hura wa duwatsu ko Pachamama, wato uwar ƙasa da suke bautawa, ka ƙi cikin ladabi, ko da ya ce al'ada ce kawai.

Salla kada ka yi ta a can. Risala ta ambaci hani a maƙabartar mushrikai, ko da yake Halil ya sassauta idan an aminta daga najasa. Ga shi babu ban-ɗaki bayan ƙofar shiga, tikitin kuma na ƙayyadadden lokaci ne. Ka yi alwala tun daga garin Aguas Calientes da ke gindin tsaunin, ka zaɓi shigar safe, motar saukowa kusan rabin awa ce, za ka riski Azahar a masauki. Alƙibla tana gabas, ka ɗan karkata arewa, kusan digiri 72 daga arewa.

Ƙasaru: in ka yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a Kusko, cika salla za ka yi a can. Fita zuwa Machu Picchu ta jirgin ƙasa ta wuce burudi huɗu, wato kusan kilomita 80, sai ka yi ƙasaru. Malikawa sun karhanta shi ga wanda tafiyarsa wasa ce zalla, don haka ka ƙulla niyyar ɗaukar izina tun kafin ka fita.

Wallahu a'alam.