Motar alfarma a hunturun Kanada: daga ina zan fara shiri?

Tambaya: Assalamu alaikum. A bana aiki ya kawo ni Montreal, na sayi BMW 530i ta hannu mai shekara huɗu, irin mai ja da ƙafa huɗu. Ban taɓa tuƙi a dusar ƙanƙara ba, sanyin da na sani bai wuce na hunturun Kano ba. Abokan aiki suna ce mini tunda xDrive ce, wato mai ja da ƙafa huɗu ta BMW, ba ni da damuwa. Me zan yi mata kafin Disamba, me kuma zan ajiye a cikinta saboda tsautsayi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Maganar abokan aikinka rabin gaskiya ce, kuma rabin da suka bari shi ne mai jefa mutane a rami. Ja da ƙafa huɗu yana taimakon mota wajen tashi da hawan tudu, amma ba ya ƙara mata komai wajen tsayawa. Idan ka taka birki, abin da ke tsakaninka da kwalta taya ce kawai. Saboda haka da taya za ka fara.

Doka ma ta riga ta yanke maka hukunci: a lardin Quebec, inda Montreal take, wajibi ne motar da aka yi wa rajista a can ta sa tayoyin hunturu daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Ka duba gefen tayar, za ka ga hoton dutse mai tsini uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a cikinsa. Wadda aka rubuta wa M+S (laka da dusar ƙanƙara) kaɗai ba ta wadatar ba. Dalili kuwa, robar tayar bazara tana fara sandarewa da zarar sanyi ya sauko ƙasa da digiri 7, sai ta daina kama hanya ko da babu ƙanƙara. Ka nemi layi a gareji tun Oktoba, don a Nuwamba cunkoso ake yi.

A nan ne masu motocin alfarma suka fi yin kuskure. Da yawa daga cikin motocin suna zuwa da wili mai inci 19 ko 20, wani lokaci tayoyin baya sun fi na gaba faɗi. Taya mai faɗi tana hawa kan dusar ƙanƙara ne tana yawo, siririya ce ke yanka ta ta taɓo ƙasa. Shawarata ka sayi wili huɗu daban masu inci 18, tayoyin duka girmansu ɗaya, a fara gwadawa a tabbatar wilin bai goga jikin birki ba. Ƙarin ribarsa shi ne gefen tayar ya fi kauri, ramukan da gishiri da ƙanƙara ke haƙawa a titi ba za su fasa maka wili mai tsada ba. A sa wa kowane na'urar auna iska, in ba haka ba fitilar gargaɗi za ta dame ka har Maris. Kada ka sa biyu ka bar biyu. Huɗu ake sawa. Zurfin zanen kada ya gaza milimita 4. Iska kuma tana raguwa da kusan psi 1 (ma'aunin iskar taya) a duk saukar digiri 6, wato tayar da aka cika a gareji mai ɗumin digiri 20 za ta iya rasa kusan psi 7 a daren da aka kai 20 ƙasa da sifili. Ka auna sau biyu a wata, da safe kafin ka motsa, ka bi adadin da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba.

Sai batir. Shekara huɗu shi ne daidai lokacin da yake fara ha'inci, kuma motarka kusan komai nata da lantarki yake aiki: giya, birkin hannu, makullin but, ɗumin kujera. Sanyi yana rage ƙarfinsa a daidai lokacin da baƙin mai ya yi kauri, injin ke neman ƙarfi fiye da kullum. A auna shi bayan motar ta kwana: cikakke yana nuna bolt 12.6 ko sama, ƙasa da 12.4 yana neman caji. Ka sa a yi masa gwajin ɗaukar nauyi ma, don awon bolt kaɗai yana ruɗi. In za a canza, a sa irin AGM (batirin da ruwansa ba ya zuba) mai ƙarfi ɗaya da na asali, sannan a yi masa rajista a kwamfutar motar. Idan aka tsallake rajistar, motar za ta ci gaba da caza shi kamar tsohon, ya mutu da wuri. Batirin yana cikin but, amma ba can ake jona wayar tayarwa ba: a ƙarƙashin bonet akwai kan jona mai jan murfi, da wani ƙarfe na musamman na baƙar waya. Ja ake fara maƙalawa. Ka nemo su yau da rana, ka kuma koyi zare ƙaramin makullin ƙarfe da ke ɓoye cikin rimot.

Ruwan lagireto a gwada shi. Haɗin rabi ruwa rabi maganin hana daskarewa yana jure kusan digiri 37 ƙasa da sifili, kuma kada a gauraya shi da wani iri. Ruwan wanke gilashi na bazara ka ƙarar da shi tas, ka zuba mai jure digiri 40 ƙasa da sifili, don in ya daskare yana fasa famfo da tankinsa. Baƙin mai kuwa ka bi abin da littafin motar ya ce.

Akwai ƙananan abubuwan jin daɗi da ke zama matsala a sanyi. Ka kashe naɗewar madubin gefe da kanta, ka kashe waifa mai tashi da kanta kafin ka kashe mota, domin in roba ta manne da gilashi ta yunƙura, ko ta yage ko injin waifar ya ƙone. Fitilun LED ba sa ɗumama murfinsu, dusar ƙanƙara tana taruwa a kai, sai ka share da hannu, haɗe da idon na'urar hango gaba da ke bamba da kyamarar saman gilashi. Ka shafa man silikon a robar ƙofofi. Ruwan zafi kada ya taɓa gilashin da ya daskare, tsagewa zai yi. A kan santsi kada ka bar wa mota riƙe gudu da kanta. Ƙarƙashinta kuma a riƙa wanke shi kamar sau biyu a wata saboda gishiri.

Kayan tsautsayi: ƙaramin shebur, buroshi mai abin kankare gilashi, buhun yashi ko tabarmar roba ta sawa ƙarƙashin taya, na'urar tayar da batir, tocila, alamar gargaɗi mai kusurwa uku, galan ɗaya na ruwan gilashi, bargo, safar hannu, hula, takalmi mai ɗumi, dabino ko gyaɗa, da cajar waya. Bargo, tocila da na'urar tayarwa su zauna a kujerar baya, don ranar da batir ya mutu but ɗin ba zai buɗu cikin sauƙi ba. Na'urar tayarwar ma ka riƙa shiga da ita gida a dararen da sanyi ya tsananta. Ka leƙa ka gani ko kana da safaya. Yawancin irin motarka ba su da ita, sun dogara da tayar da ke tafiya bayan ta fashe, kusan kilomita 80 a gudun da bai wuce kilomita 80 a awa ba. In tayoyin hunturunka ba irin su ba ne, ka sayi famfon iska da maganin toshe huji.

Idan ka kafe, kada ka danne totur, tayar za ta goge dusar ta mayar da ita ƙanƙara. Ka haƙe gaban tayoyi da ƙarƙashin motar, ka zuba yashi, ka danna maɓallin DSC (na'urar hana mota zamewa) sau ɗaya a taƙaice don ya bar tayoyin su ɗan juya, ka miƙe sitiyari ka taka a hankali. In ta ƙi fita kuma guguwa ake yi, ka zauna a ciki da fitilun gargaɗi a kunne. Kafin ka tayar da injin don ɗumi, ka share bakin salansa, saboda in ya toshe iska mai guba da ba ta da wari tana komowa cikin mota ta kashe mutum yana zaune. Minti 10 a kowace awa ya isa, taga a ɗan buɗe, shi ya sa kada ka bar man tanki ya sauka ƙasa da rabi. Lambar gaggawa 911 ce, halin hanyoyi kuma 511. In ka kira janwe, ka ce musu xDrive ce, su zo da mai ɗaukar mota gaba ɗaya a bayanta, don jan ta da ƙafa biyu a ƙasa yana lalata giyar da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya.